Wa ya zaɓa maka Windows?

1/ Masu laftof, ina da tambaya. Wace rana ce kuka zauna kuka zaɓi Windows? Ba ranar da kuka zaɓi HP ko Dell a shago nake nufi ba, ita Windows ɗin kanta. Na san amsar: ba a yi ranar ba. Kunna na'ura aka yi, aka tarar da ita a ciki. Yadda aka yi hakan ta faru labari ne na shekara 40 da ɗoriya. Ku gyara zama, zaren da tsawo.

2/ Bari mu fara daidaita kalma. Babbar manhaja ita ce wadda ke tashi in ka kunna na'ura. Ita ke riƙe da allo, madannai, batir da ma'ajiya, sannan sauran manhajoji su hau kanta. Windows, macOS, Linux, Android, iOS, duk su ne. In babu ita, laftof ɗinka ƙarfe ne da roba kawai.

3/ Kuma ana iya canza ta fa. Filash ɗaya da awa guda sun isa ka goge Windows ka ɗora Linux, kyauta, ba ta sata ba. To me ya sa a cikin abokanka da wuya ka samu mutum biyu da suka taɓa yi? Wasu za su ce lalaci ne, wasu su ce rashin sani. Ni dai na ce mu koma 1980 tukuna.

4/ A 1980 kamfanin IBM na Amurka shi ne giwar harkar kwamfuta, amma manya-manyan na'urori yake ƙerawa na bankuna da gwamnatoci. Sai ya ga su Apple suna ta kwasar kuɗi da ƙananan kwamfutoci na ɗorawa kan tebur. Ya ce shi ma zai yi tasa, cikin shekara ɗaya. Gaggawar nan ta sa bai tsaya ƙera komai da kansa ba, ya fita sayen kaya a waje.

5/ Furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, ya saya a wurin Intel. Saura babbar manhaja. A lokacin wadda ke tashe ita ce CP/M ta Gary Kildall, mai kamfanin Digital Research. Bill Gates da kansa ne ya tura mutanen IBM wurinsa. Suka je, ciniki bai faɗa ba. Suka dawo wurin Gates.

6/ Abin dariya, Microsoft ba shi da babbar manhajar da za ta dace da wannan na'ura. Amma a garin Seattle akwai wani injiniya, Tim Paterson, da ya rubuta wata mai suna 86-DOS a wani ƙaramin kamfani. Microsoft ya fara karɓar lasisinta, sannan a Yulin 1981 ya saye ta ɗungurungum kan dala 50,000. Ita ce ta koma MS-DOS.

7/ Ga inda wasan yake. A yarjejeniyar da aka yi, IBM bai hana Microsoft sayar wa wasu kamfanoni wannan manhaja ba. IBM zai sayar da ita da sunan PC DOS, Microsoft kuma yana da 'yancin ba duk wanda ya ga dama lasisi. A lokacin babu wasu kamfanonin da za a ba, shi ya sa abin bai dami kowa ba.

8/ Ranar 12 ga Agusta 1981 kwamfutar IBM PC ta fito. Ku lura da wannan da kyau: a lokacin babbar manhaja daban ake sayenta. Kai ne za ka zaɓa. PC DOS dala 40. CP/M ta Kildall, da ta iso daga baya, dala 240. Ko kai ne, wacce za ka ɗauka? Kusan kowa ya ɗauki mai araha.

9/ Da mutane suka taru a kan DOS, masu rubuta manhajoji suka bi su can. Lotus 1-2-3, kakar Excel a fagen lissafin ofis, ta fito a 1983 a kan DOS, kuma kamfanoni da yawa saboda ita kaɗai suka sayi kwamfutar. Ku riƙe wannan: mutum aikinsa yake nema, babbar manhaja biyo aikin take yi.

10/ Sai 'yan kwaikwayo suka shigo. Compaq ya fitar da kwamfuta a 1983 da ke gudanar da duk abin da ta IBM ke gudanarwa. A 1984 kamfanin Phoenix ya fara sayar da BIOS, ƙaramar manhajar da ke tada na'ura, ga duk mai son ƙera irin ta IBM. Ƙofa ta buɗe. Kamfanoni barkatai suka shiga, kowannensu yana buƙatar DOS. Wa ke da ita? Gates.

11/ Nan ne abokin cinikin Microsoft na gaskiya ya bayyana. Ba ni ba ne, ba kai ba ne. Masana'antar da ke harhaɗa kwamfuta ce. In ka shawo kan manyan masana'antu kaɗan, ka shawo kan miliyoyin mutanen da za su sayi kayansu, ba tare da ka yi magana da ko ɗaya daga cikinsu ba.

12/ A ƙarshen shekarun 1980 Microsoft ya fito da wani salon lasisi. Ya ce wa masana'anta: zan yi maka rangwame sosai, amma za ka biya ni a kan kowace kwamfuta mai irin wannan furosesa da ta fita daga hannunka, ko ka sa mata DOS ko ba ka sa ba. Ku sake karanta wannan sharaɗin.

13/ Ka ɗauka kai ne mai masana'antar. Digital Research ya kawo maka DR-DOS, wadda masana da yawa suka yaba a lokacin. In ka ɗora ta, ka biya su, ka kuma biya Microsoft. Kuɗi biyu kan na'ura ɗaya, a kasuwar da ribarta ba ta taka kara ta karya ba. Wane ɗan kasuwa ne zai yi haka?

14/ Ma'aikatar shari'a ta Amurka ta shiga maganar. A Yulin 1994 Microsoft ya amince zai daina wannan salon lasisi. Amma kafin nan aikin gama ya gama. An shafe shekaru kwamfuta na fitowa daga kwali da DOS, daga baya da Windows a kanta. Wani sabon zubi na masu amfani ya taso bai ma san ana sayen abin daban ba.

15/ Ranar 24 ga Agusta 1995 aka ƙaddamar da Windows 95, da talla kamar ana bikin sarauta. A lokacin IBM yana tallata tasa babbar manhajar, OS/2. Daga baya kotu ta tabbatar cewa sai ana saura minti 15 a fara bikin ƙaddamarwa sannan IBM ya samu lasisin Windows 95, alhali abokan gasarsa sun daɗe da samu.

16/ Ku duba fa, IBM ne, wanda ya haifi na'urar. In har shi za a iya jan ransa haka, ina ga ƙaramin kamfani? Kowace masana'anta ta gane karatun: ɓata wa mai Windows rai yana nufin kayanka su makara shiga kasuwa ko farashin lasisinka ya hau.

17/ Labarin da ya fi ba ni tausayi shi ne na BeOS. Jean-Louis Gassée, tsohon babba a Apple, shi ya kafa kamfanin Be. Manhajarsu tana da sauri ƙwarai wajen sauti da bidiyo. Har tayi ya yi wa masana'antu: ku ɗora ta kusa da Windows, kyauta, mai saye ya zaɓa in ya kunna.

18/ Kamfanin Hitachi na Japan ya ɗora ta a wasu kwamfutocinsa. Amma in ka kunna, Windows kaɗai za ka gani. BeOS tana kwance cikin ma'ajiya, an rufe allon zaɓin da zai kai ka wurinta, sai ka bi wasu matakai da hannunka kafin ta bayyana. Mutum nawa ne za su yi? Kaya na cikin ɗaki, an ɓoye makulli.

19/ Be ya durƙushe, aka sayar wa Palm kadarorinsa a 2001. A 2002 ya kai Microsoft ƙara. A 2003 aka sasanta kan dala miliyan 23 da 'yan kai, Microsoft bai amsa laifi ba. Kuɗi sun fito, amma manhajar ta riga ta bar kasuwa.

20/ Masu amfani ma sun taɓa yin bore. Cikin takardar sharuɗɗan Windows, wadda dukkanmu muke danna amincewa ba mu karanta ba, akwai inda aka ce in ba ka yarda ba ka tuntuɓi wanda ya ƙera na'urar kan mayar da kuɗi. Ranar 15 ga Fabrairu 1999 masu amfani da Linux suka yi tattaki zuwa ofishin Microsoft a Kaliforniya, a ba su kuɗinsu.

21/ Amsar da suka samu: ku je wurin masana'anta. Masana'anta kuma ta saba cewa na'ura da manhaja kaya ɗaya ne, in ba ka so dawo da duka. An yi ta wannan jeka-ka-dawo shekaru. A 2014 babbar kotun Italiya ta ba wani mai saye gaskiya. A 2016 kotun Tarayyar Turai ta ce sayar da kwamfuta da manhaja a cikinta, shi kaɗai, ba zalunci ba ne a ciniki.

22/ To mu ce masana'antu sun saki hanya. Akwai katanga ta biyu, kuma wani alƙali ne ya bayyana ta fiye da kowa. A Nuwamban 1999, cikin shari'ar gwamnatin Amurka da Microsoft, alƙali Thomas Penfield Jackson ya rubuta cewa sama da kashi 90 cikin 100 na irin waɗannan kwamfutoci Windows suke ɗauke da ita, kuma akwai manhajoji fiye da 70,000 da aka rubuta mata.

23/ Ya ce abin zagaye yake yi. Mai saye yana son babbar manhajar da ke da manhajoji da yawa. Mai rubuta manhaja yana son wadda ke da mutane da yawa. Sabon shiga ba shi da mutane don ba shi da manhajoji, ba shi da manhajoji don ba shi da mutane. Kamar sabuwar kasuwa ce: 'yan kasuwa na jiran masu saye, masu saye na jiran 'yan kasuwa.

24/ A 2000 alƙalin ya ba da umarnin a raba Microsoft gida biyu. A 2001 kotun ɗaukaka ƙara ta soke rabawar, duk da ta yarda kamfanin ya karya dokar hana babakere. Aka ƙare da sulhu. Windows XP ta fito a Oktoban wannan shekarar, ta zama wadda da yawa daga cikin yayyenmu suka fara taɓa linzamin kwamfuta a kanta.

25/ Yanzu Linux. Ranar 25 ga Agusta 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya sanar cewa yana rubuta babbar manhaja don nishaɗi. Aka haɗa aikinsa da kayan GNU da Richard Stallman ya faro tun 1983. Kowa na iya kwafa, ya gyara, ya raba, ba ko sisi.

26/ Kada wani ya ce maka don ba ta da kyau ne. Tun 2017 dukkan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya Linux suke gudanarwa. Ɗimbin na'urorin da ke riƙe da intanet ma ita ce a kansu. Inda injiniya ne ke zaɓa, ta yi nasara. A kan teburin talaka ne ta kasa wuce 'yan kaso kaɗan cikin 100.

27/ An gwada sauƙaƙa ta. A 2004 Mark Shuttleworth, attajiri ɗan Afirka ta Kudu, ya fito da Ubuntu. Har faifai suke aiko wa mutum ta gidan waya, kyauta, ko'ina yake a duniya, sai a 2011 suka daina. Kyauta har ƙofar gida. Duk da haka yawancin mutane ba su motsa ba. Ashe matsalar ba ta farashi ba ce.

28/ Dalili kuwa, a idon mai saye Windows ma kyauta ce. Kuɗinta na cikin kuɗin laftof, ba a rubuta shi daban a rasit. Abin da ba ka ga ka biya ba, ba ka jin zafinsa. Sai Linux ta zo tana cewa ni kyauta ce, mutum ya ce to ai wadda nake da ita ma ban san na saya ba.

29/ A ƙarshen 2007 an kusa. Kamfanin Asus na Taiwan ya fito da Eee PC, 'yar ƙaramar laftof mai araha, da Linux a cikinta daga masana'anta. Ta yi kasuwa, kuma talakawa ne suka saya, ba injiniyoyi ba. Me Microsoft ya yi? XP da yake shirin daina sayarwa, ya tsawaita mata rai a 2008 musamman don irin waɗannan ƙananan na'urori, da farashi mai sauƙi.

30/ Cikin ɗan lokaci yawancin ƙananan laftof ɗin suka koma fitowa da XP. Darasin a bayyane yake. Da aka sa Linux daga masana'anta, mutane sun yi amfani da Linux. Da aka mayar da Windows, sun yi amfani da Windows. Abin da aka zuba musu a kwano shi suka ci.

31/ Mu ma Najeriya mun shiga wannan tarihi. A 2007 aka yi cinikin ƙananan kwamfutocin ɗalibai 17,000 na Intel, samfurin Classmate, ɗauke da Linux ta kamfanin Mandriva na Faransa. Sai shugaban Mandriva ya rubuta wa Steve Ballmer na Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa, yana ƙorafin an ce masa za a goge tasu a ɗora Windows bayan an kawo kayan.

32/ Maganar ta zaga jaridun fasaha na duniya. Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne wurin da ake rigimar: tsakanin kamfanin Faransa, kamfanin Amurka da ofisoshin gwamnati. Yaran da za su zauna gaban na'urorin ba su cikin zancen. Kuma abin da yaro ya fara koyo a kai, shi zai riƙa kira kwamfuta har ya girma.

33/ To in mutum ɗaya ya kasa, gwamnati fa mai kuɗi da ma'aikata? Birnin Munich na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003. Ballmer da kansa ya je ya ga magajin garin, bai sauya ra'ayinsu ba. Sai da aka kai 2013 kafin su kammala mayar da kwamfutoci kusan 15,000. Shekara goma.

34/ A 2017 majalisar birnin, bayan sauyin shugabanci, ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Har yau ana musu kan ko matsalar ta fasaha ce ko ta siyasa. Amma cikin ƙorafe-ƙorafen akwai wanda kowa zai gane: takardun da ake musanya da sauran ofisoshi da manhajojin aiki na musamman, yawancinsu don Windows aka yi su.

35/ Yanzu ku ciro wayarku. In Tecno ce, ko Infinix, ko itel, ko Samsung, Android ce a ciki. Android kuwa a kan zuciyar Linux aka gina ta, wancan aikin na ɗalibin Finlan. Wayar Android ta farko ta fito a 2008. Yau biliyoyin mutane na yawo da Linux a aljihu, har da kakarka da ke sauraron saƙon murya a WhatsApp.

36/ Ita ta ɗora? Ko kai ka ɗora mata? A cikin kwali ta zo. Abin da faifan kyauta na shekara bakwai bai yi ba, yarjejeniya da masu ƙera waya ta yi shi. Google ya yi karatun Gates da kyau: je ka wurin masana'anta, ka bar mai saye ya tarar da kai.

37/ Sai reshe ya juye da mujiya. Microsoft ya fito da Windows Phone a 2010, ya haɗa kai da Nokia a 2011, ya sayi sashen wayoyin Nokia a 2014 kan sama da dala biliyan 7. Masu Lumia za su ba ku labari: waya mai kyau, kyamara mai kyau, amma manhajar da abokanka ke yayi babu ita, ko ta zo a makare.

38/ Katangar nan da alƙali Jackson ya bayyana a 1999, ita ce ta tare Microsoft a waya. Ba mutane don ba manhajoji, ba manhajoji don ba mutane. A 2017 kamfanin ya bayyana cewa ya daina ƙara mata sababbin abubuwa. Duk kuɗinsa bai saya masa hanyar tsallakewa ba.

39/ Kuna son sanin darajar abin da aka tarar a ciki? A 2018 Tarayyar Turai ta ci Google tarar yuro biliyan 4.34, cikin dalilan har da tilasta wa masu ƙera waya su sa Chrome da manhajar bincikensa tun daga masana'anta. A kotun Amurka kuma ta fito cewa a 2022 kaɗai Google ya biya Apple dala biliyan 20 don ya zama injin binciken da ake tararwa a Safari.

40/ Canza injin bincike a waya bai fi danna wuri uku ko huɗu ba. Amma kamfani ya biya biliyan 20 don ya san yawancinmu ba za mu danna ba. To ina ga canza babbar manhaja gaba ɗaya, inda kuskure ɗaya zai iya tafiya da hotunan bikinka da furojet ɗinka na shekarar ƙarshe?

41/ Tsoron nan kuma ba na banza ba ne. Sai ka san maɓallin shiga BIOS, kuma kowane kamfani da nasa. Sai ka san yadda ake raba ma'ajiya. Ka gama, wataƙila firinta ta ƙi aiki ko Wi-Fi ya ɓace, don kamfanin da ya ƙera wannan ɓangaren Windows kaɗai ya rubuta wa direba, wato 'yar manhajar da ke haɗa shi da na'ura.

42/ A wurinmu akwai ƙarin mataki. Laftof ɗinmu da yawa na hannu ne, sun gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso Computer Village a Legas ko Beirut Road a Kano. Wanda ke ɗora musu manhaja shi ne mai gyara a shago. Ka ce masa "injiniya, a yi min fomatin", ya ciro filash ɗinsa. Shi ne masana'antarmu.

43/ Shi kuma me zai ɗora? Abin da ba za ka dawo masa da ƙorafi gobe ba. Windows, Word, Excel, CorelDraw in kai mai zane ne. Su aka koya maka a makarantar kwamfuta, su ne a shagon buga takardu, su abokinka ya iya in ka maƙale da dare. Ban ga laifinsa ba. Kasuwa yake karewa.

44/ Wanda ya ce ai tamu ta sata ce, mun cuci Microsoft, ya saurara. A 1998 Bill Gates ya yi magana kan masu kwafar manhaja a ƙasar Sin ba biya. Ma'anar abin da ya faɗa: tunda dai za su sata, gara su saci tamu, su saba da ita, daga baya a san yadda za a karɓi kuɗi. Hausawa sun riga shi faɗa: sabo turken wawa.

45/ Ko daga Windows zuwa Windows ma ba ma son motsi. An daina tallafa wa XP a Afrilun 2014, miliyoyi suka ci gaba da zama a kanta. A 2015 Microsoft ya ba da Windows 10 kyauta na shekara ɗaya, ya riƙa turo saƙon naci a allo har mutane suka yi ta ƙorafi. Kyauta ce, daga kamfani ɗaya, amma sai da aka yi ta turawa.

46/ Zama wuri ɗaya kuma yana da farashi. A Mayun 2017 ƙwayar cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Maganin ɓarakar ya fito tun watan Maris. Na'urorin da ba a sabunta ba su ta kama.

47/ Ga dalilin da ya sa na yi zaren nan. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum na Windows 10, sai wani ƙarin wa'adin tsaro na wucin gadi ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuma tana neman guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da furosesa sabo-sabo, a Intel kusan daga zubi na 8 zuwa sama.

48/ Ku duba laftof ɗinku. In Core i5 ce zubi na 4, na 5 ko na 6, irin waɗanda suka cika shagunanmu, a hukumance ba ta cikin masu hawa Windows 11. Lafiyarta ƙalau, tana aiki. Ofisoshin waje suna sauke irinta, kuma kun san inda kaya irin wannan ke sauka. Da ita ɗalibi zai shiga manhajar banki da imel ɗinsa.

49/ Zaɓin da ke gabanka uku ne. Ka sayi sabuwa, in aljihu ya yarda. Ka zauna a kan tsohuwar Windows, ka san ƙofar gidanka ba mai gyara ta. Ko ka yi abin da tarihin nan ya hana yawancin mutane yi: ka ɗora wata. Masu dabarar tsallake sharuɗɗan Windows 11 suna nan, amma Microsoft bai yi alkawarin tallafa wa irin wannan ba.

50/ Ban ce kowa ya koma Linux ba. In abincinka a CorelDraw ko Photoshop yake, ba su da sigar Linux, ka yi lissafinka. Amma in aikinka burauza ne, rubutu, kallon darasi, koyon rubuta manhaja, to Linux Mint ko Ubuntu za su ɗauke ka. Kuma ana iya gwada su daga filash ba tare da an goge komai ba.

51/ Sharaɗi ɗaya kafin komai: kwashe fayilolinka zuwa wani wuri. Sannan ka kunna daga filash, ka gwada Wi-Fi, sauti, firinta, ka buɗe takardunka ka gani. Ta yi maka, ka ɗora. Ba ta yi ba, zare filash ɗin, Windows ɗinka na nan yadda ka bar ta.

52/ Masu gyara da ke bibiyata, ku ne kuka fi kowa iko a wannan magana, don abin da ke cikin filash ɗinku shi unguwa ke amfani da shi. Wanda ya taɓa ɗora wa kwastoma Linux ya faɗa mana yadda aka ƙare, ya dawo da ƙorafi ko bai dawo ba. Sauran kuma ku rubuto samfurin laftof ɗinku a ƙasa, mu duba tare ko za ta hau Windows 11.